In ba mu shiga rajistar laburare ba, kada mu yi tsammanin za a sayo mana littafi

Jama'a, musamman 'yan uwa mazauna Agege, Mile 12, Idi Araba, Obalende da Alaba Rago, ku ba ni aron kunnuwanku kan maganar laburaren gwamnati. Duk inda zancen ya taso a cikinmu koke biyu ake yi: babu littattafan Hausa, su kuma ma'aikatan suna zaune ne kawai suna jiran albashi. Na farkon akwai gaskiya a cikinsa. Na biyun kuwa ba a yi musu adalci ba, kuma rashin sanin yadda aikinsu yake tafiya shi ne ke sa mu asarar haƙƙinmu a wurin da da harajinmu ake gudanar da shi. Legas ta daɗe da wannan harka. A nan aka buɗe Laburaren Ƙasa a 1964 kafin hedikwatarsa ta koma Abuja, reshensa na nan a Yaba. Gwamnatin jiha na da nata, irin su na Herbert Macaulay a Yaba da na Henry Carr a Agege, wanda yake a ƙofar gidanmu. Amma mu nawa ne muke da kati?

Aikin ma'aikacin laburare yana farawa ne tun kafin a buɗe wa jama'a ƙofa. Za a tattaro duk littattafan da aka bari a kan tebura jiya, a ƙirga su, a rubuta adadin, a jera su bisa lamba, sannan a mayar da kowanne gurbinsa. Bayan nan sai bin kanta: kowane ma'aikaci yana da sashensa, zai bi shi littafi bayan littafi yana duba lambar da ke jikin ƙashin bayansa, ya tabbatar kowa na inda ya kamata. Mai wucewa zai ga kamar mutum yana tsaye yana kallon katako ne. Alhali in aka bar wannan aiki mako biyu, laburaren ya rikice. Littafin da aka sa a gurbin da ba nasa ba ya ɓata ke nan, ko da yana cikin ɗakin, don katalog, wato jerin littattafan laburare da lambobinsu, zai ce yana nan, kanta kuma ta ce babu. Lokacin jarrabawa abin ya fi muni, domin ɗalibai kan ɗauki littafin kemistare ɗaya tilo su cusa shi bayan littattafan tarihi don kada wani ya riga su gobe. Shi ya sa ake roƙon mai karatu ya bar littafi a kan tebur in ya gama. Ba raina shi aka yi ba. Barinsa a tebur yana hana kuskure, kuma yana shiga ƙidayar abin da aka karanta.

Yawancin laburaren jama'a da tsarin Dewey suke jera littattafai, daga 000 zuwa 999. Lissafi 510, fiziks 530, kemistare 540, likitanci 610, Musulunci 297, tarihin Najeriya 966.9. Ga inda mutanenmu ke tuntuɓe. Bahaushe zai shiga, ya ga littattafan adabin Yarabanci a 896, ya duba hagu da dama bai ga na Hausa ba, ya fita yana cewa babu. To, tsarin bai haɗa Hausa da Yarabanci a gida ɗaya ba. Harshen Hausa yana 493.72, adabinsa yana 893.72, wato maƙwabcin adabin Larabci da ke 892.7. Tsakaninsa da na Yarabanci akwai adabin Turkiyya da Sin da Japan. Mai yiwuwa abin da ke wurin bai wuce a ƙirga da yatsu ba, mai yiwuwa ma babu ko ɗaya, amma a fara duba inda ya dace kafin a yanke hukunci.

Sai sabon littafi. Ba daga kwali yake hawa kanta ba. Za a gwada shi da takardar sayayya, a buɗe shi a tabbatar shafukansa sun cika kuma ba a buga wasu a juye ba. A shigar da shi babbar rajista a ba shi lambar da babu wani littafi da zai sake samun irinta. A buga masa tambari a shafin take, da gefen takardu, da wani shafi na sirri da laburaren ya zaɓa, don ko ɓarawo ya yage na gaba a gane shi. Daga nan mai katalog ya fitar masa da lambar fanni, ya rubuta sunan marubuci, take, maɗaba'a, shekara da yawan shafi, a kati ko a kwamfuta. A manna lamba a ƙashin baya, a sa aljihu da katin aro da takardar ranar dawowa a cikin bango. Kwali ɗaya na iya cinye yini guda na mutum biyu. Saboda haka mai kyauta da ya kwaso tsofaffin littattafan kwamfuta na shekara ashirin da suka wuce ya jibge a ƙofa, aiki ya ƙara musu, bai ƙara wa mai karatu komai ba. A tambaye su abin da suke buƙata kafin a kawo.

Littattafanmu na Hausa suna da tasu wahalar ta daban, kuma ya kamata marubutanmu su ji wannan. Da yawa daga cikin ƙagaggun labaran da ake bugawa a Arewa ba su da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ake amfani da ita a duniya, wasu babu shekarar bugu, wasu ba a san maɗaba'ar ba. Takardar ba ta da kauri, fil biyu ne ke riƙe da ita, aro biyar ta zube. Mai katalog da ba ya jin Hausa, ya rasa waɗannan bayanai, sai ya ajiye littafin a gefe har sai an samu mai taimako. Wanda aka rubuta da ajami kuwa sau da yawa sai a ɗauka Larabci ne a kai shi can. In ma an shigar a kwamfuta, ƙ da ɗ da ɓ sukan koma k da d da b, don haka mai nema ya gwada rubutun duka biyu. Laburaren Ƙasa ne ke ba da ISBN a Najeriya, kuma dokar 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi na ƙashin kansa ya kai kwafi 3. Marubucin da ya tsallake wannan ya rufe wa littafinsa ƙofa da hannunsa.

Yanayin Legas kuma abokin gabar takarda ne. Wanda ya saba da Kano ko Sakkwato ƙura ya sani. A nan danshi ne. In laimar iska ta wuce kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ta daɗe a haka, fumfuna na fara cin littafi, a Legas kuwa da damina takan haura 80. Za ka ji warin tun daga ƙofa, ka ga ɗigo-ɗigo a gefen shafi, gam ya saki, fil ya yi tsatsa ya huda takarda. Maganin da ma'aikata ke yi ba mai tsada ba ne, naci yake so. Kanta ta ƙasa ta ɗaga daga daɓe kamar santimita 15 saboda ambaliya. Kada a jingina ta da bangon da ke jan ruwa. Kada a cika kanta maƙil, a bar kashi ɗaya cikin huɗu don iska ta ratsa, kuma a iya zaro littafi ba tare da an fizgi kan ƙashin bayansa ba. A kunna fanka ko da babu kowa in akwai wuta. Littafin da ya yi fumfuna a ware shi nan take, a bar shi ya bushe a inuwa mai iska, sannan a goge da burushi mai laushi a waje. Shanya shi a rana tanƙware shi take yi. Ga gara da ke bin katako ta ƙasa, ga kyankyaso da ke cin gam ɗin bango. Gutsuren gala ko cincin ɗaya ya ishe su gayyata, dalilin hana cin abinci ke nan. In shafi ya yage a hannunka, don Allah kada ka liƙe da salatif. Bayan 'yan shekaru yana yin ja, ya saki, ya bar tabon da ba ya fita. Ka kawo shi yadda yake, akwai farin gam da takardar gyara da ake amfani da su.

Duk wannan bayan fage ne. A teburin gaba ake gane ma'aikaci, kuma a nan nake da magana da su ma. Aikin horo ne, ana karanta shi a jami'a, a Zariya ma an buɗe sashensa tun 1968, kuma akwai hukumar yi musu rajista da aka kafa da dokar 1995. Babban abin da ake koya musu shi ne cewa tambayar farko da mutum ya yi ba kasafai take zama ainihin buƙatarsa ba. Dattijo zai zo ya ce, "Yarinya, ina littattafan doka?" In ta nuna masa 340 da yatsa, ta sallame shi ne kawai, zai tsaya gaban kanta ya rasa ta ina zai fara, ya juya ya tafi. In kuwa ta ce, "Baba, sannu da zuwa, wane ɓangare na doka? Wani abu ne ya taso?" sai ta ji cewa mai gidan haya ne ya ba shi takardar tashi daga shago, yana son sanin wa'adin da ya kamata. To yanzu an zo wurin. Dokar haya ta jihar Legas yake nema, da kuma inda zai samu lauyan da zai taimaka masa. Minti uku aka ƙara, amma an yi aiki. Haka uwar da ta ce tana son littafin Turanci, a tambaye ta na wa, ɗan aji nawa, karatu ne ya gagare shi ko rubutu.

Akwai ƙananan abubuwa da ke korar mutanenmu waɗanda ba sa buƙatar ko kwabo a gyara. Mutumin da ya yi karatun allo mai zurfi amma hannunsa bai faɗa da boko ba, in aka tura masa rajistar ƙofa da biro a gaban jama'a, kunya za ta hana shi dawowa. Ma'aikaci ya tambaye shi suna ya rubuta masa. Dokar ajiye jaka a ƙofa daidai ce, amma a bayyana dalili, a ba da lamba, kuma mace ta duba ta mace. Sai maganar salla. Lokacin WAEC da NECO da JAMB da jarrabawar ICAN ta akantoci kujera na tsada, har ana hana kama wuri da littafi ko jaka, kuma dokar na da hujja, don wani zai ajiye takarda da safe ya tafi sai yamma. Amma ɗalibin da ya fita azahar minti ashirin bai kamata ya dawo ya tarar an kwashe kayansa ba. Ƙaramin kati mai ɗauke da lokacin fita, a ajiye a kan tebur, ya warware wannan. Soket ma haka: tun da JAMB ta koma kwamfuta, rigimar caji ta fi ta littafi yawa, kuma takardar layi mai awa ɗaya ga kowa ta fi barin mai ƙarfi ya mallake.

Mu ma da namu laifin a wajen aro. Galibi ana neman hoto, katin shaida, adireshi da wanda zai tsaya maka. Da yawanmu adireshin shago muke da shi, wasu kuma kan tafi gida da salla ko da damina su yi wata uku. Littafi ya bi mutum zuwa Katsina ko Haɗeja, katinsa na nan a tire yana jira, masu nema goma sun zo sun koma. Kafin a maye gurbinsa sai an jira kasafin wata shekara, in ma har yanzu ana buga shi. Mai niyyar tafiya ya dawo da littafi kafin ya hau mota. Wanda ya ɓatar ya zo ya faɗa, yawanci za a ce ya sayo irinsa ko ya biya kuɗinsa. Game da mai tsayawa kuwa, ina ganin fadar Sarkin Hausawa ta kowace unguwa, da kwamitocin masallatai da shugabannin Islamiyya, za su iya zama da shugaban reshe su nemi a amince da sa hannunsu.

A ƙarshen kowane wata reshe yana aika rahoto sama: mutum nawa suka shigo, nawa suka yi rajista, littafi nawa aka ara kuma a wane fanni, me aka nema ba a samu ba. Da irin waɗannan alƙaluma ake kare kasafi, da su ake zaɓen abin da za a saya. Shugaban reshen da ya nemi kuɗin littattafan Hausa za a tambaye shi su wa ke karantawa, kuma in babu komai a rubuce ba shi da amsa, ko da yana son yi mana. Koken da muke yi a majalisa da bakin kasuwa ba ya isa can.

Don haka malaman Islamiyya da na boko su nemi rana su kai ɗalibai rukuni-rukuni a yi musu kati, a sanar da reshe tun da wuri don a shirya. Wanda ya nemi littafin Hausa bai samu ba kada ya juya haka nan, ya ce a ba shi rajistar buƙatu, ya rubuta take, marubuci da maɗaba'a, ya sa kwanan wata, wata mai zuwa ya dawo ya tambayi inda aka kwana. Masu hali da ke son yin sadaka mai gudana su karɓi wannan jerin su saya daga cikinsa, kwafi biyu-biyu, su biya a yi musu bango mai ƙarfi kafin su miƙa. Ɗaliban jami'a da ke jin Hausa da Turanci, musamman masu iya karanta ajami, su ba da awa biyu su zauna da mai katalog su karanta masa take da sunan marubuci, su faɗa masa abin da littafin ya ƙunsa, don waɗanda aka ajiye a gefe su samu lamba su hau kanta.