Gona Ta Zama Unguwa a Ingila: Wa Ya Zaɓi Filin, Wa Ya Kwashi Ribar?

A gefen ƙananan garuruwan Ingila da ake kira garuruwan kasuwa, wato waɗanda sarakunan da suka ba su takardar izinin cin kasuwar mako tun ɗaruruwan shekaru, rigimar gini takan fara ne da wata 'yar takarda da aka lulluɓe da leda, aka ɗaure a jikin turken fitilar titi ko a ƙyauren gona. Takardar tana sanar da cewa wani kamfani ya nemi izinin gina gidaje a kan gonar alkama ko makiyayar tumakin da ke bayan shinge, kuma duk mai ƙorafi yana da kwana 21 ya rubuta wa ƙaramar hukuma. Kafin sati ya zagayo an kafa kwamitin unguwa, an fara tara sa hannu. Ranar da kansiloli za su yanke hukunci, zauren taro yakan cika maƙil, a ba wa wakilin masu adawa minti uku ya faɗi damuwarsa: asibitin garin ya cika, makarantar firamare ba ta da gurbi, magudanar ruwa takan yi ambaliya, titin da ya ratsa kasuwa kuwa tun zamanin keken doki aka yi shi.

Jaridu sukan nuna wannan rigima a matsayin faɗa tsakanin dattawan da suka riga suka mallaki gida, ba sa son a tare musu iska, da matasan da haya ta sha musu kai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A 1997 matsakaicin gida a Ingila bai wuce ninki uku da rabi na albashin shekara ba, yau kuwa ya kusa ninki takwas, sannan iyalai kimanin miliyan 1.3 suna jerin masu jiran gidan haya mai rahusa daga hukuma. Yaron da aka haifa a garin kasuwa, ya yi karatu a can, yake aikin jinya ko koyarwa a can, sau da yawa sai ya koma wani gari mai nisa kafin ya sami ɗakin da zai iya biya. Saboda haka ina tare da masu cewa dole a yi gini, kuma dole wani ɓangare na ginin ya hau kan gonaki, domin kangwayen masana'antu da ake ta cewa a gine su maimakon gonaki yawancinsu a manyan birane suke, garin kasuwa kuwa gona ce ta kewaye shi ta ko'ina. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake zaɓen gonar da za a gine, da kuma inda kuɗin yake tafiya.

Tun daga dokar tsara birane da karkara ta 1947, mallakar fili a Ingila ba ta ba mutum ikon gini a kansa. Gonar taka ce, amma ikon mayar da ita unguwa yana hannun hukuma. A tsari, kowace ƙaramar hukuma za ta rubuta kundin tsarin yankinta, ta ware filayen da za a gine nan da shekaru masu zuwa bayan ta saurari jama'a, sannan a riƙa auna kowace buƙata da wannan kundi. Sai dai a 2012 gwamnati ta fito da sabon tsarin ƙasa baki ɗaya, wanda ya ƙarfafa sharaɗin cewa dole ƙaramar hukuma ta nuna tana da filayen da za su ishe ta gini na shekara biyar. Idan ta kasa, sai a ɗauki dokokinta na gida a matsayin waɗanda suka tsufa, sikeli ya karkata wajen mai neman izini, ba za a hana shi ba sai an tabbatar cewa illar ginin ta fi amfaninsa nesa ba kusa ba.

Ta wannan ƙofa wata sana'a ta bunƙasa. Akwai kamfanonin da ba sa aza ko bulo ɗaya, aikinsu dillancin izini ne kawai. Sukan bi taswira su gano ƙaramar hukumar da lissafinta na shekara biyar ya gaza, su je wurin manomin da gonarsa ta jingina da gari, su ƙulla yarjejeniya cewa za su ɗauki nauyin lauyoyi da masu zane da kuɗin shari'a, idan izini ya fito a sayar wa magina, su ɗebi kasonsu. In kansiloli sun ƙi, kamfanin zai ɗaukaka ƙara gaban sufeton gwamnatin ƙasa, kuma idan aka ga ƙin amincewar ba shi da hujja, ana iya sa hukumar ta biya kuɗin da kamfanin ya kashe. Maƙwabtan gonar kuwa ba su da irin wannan dama: idan aka ba da izini, hanyarsu ɗaya ce, su garzaya babbar kotu cikin mako shida, su ma ba kan cancantar ginin ba, sai kan ko an bi ƙa'ida. A 2017 irin wannan taƙaddama ta kai har Kotun Ƙoli, kan wani fili a ƙauyen Willaston kusa da garin Nantwich, inda ƙaramar hukumar Cheshire ta Gabas ta so kare tazarar da ke raba garuruwan yankin. Izinin da sufeto ya bayar ya tsaya daram.

Sakamakon shi ne gonar da ake ginewa ba ita ce ta fi dacewa ba, ita ce wadda mai ita ya riga kowa sa hannu. Ingila ta kasa ƙasar nomanta daraja biyar, tana ɗaukar ta ɗaya da ta biyu da saman ta uku a matsayin mafi albarka, kuma abin takaicin shi ne garuruwan kasuwa da yawa a tsakiyar irin wannan ƙasa suke zaune, tunda albarkar noman ce ta haifar da kasuwar tun farko. Ƙasar da take noma kimanin kashi 60 cikin 100 na abincin da take ci bai kamata ta bar wannan zaɓi a hannun dillali ba. Ba na cewa gidajen za su jawo yunwa, filin da suke ci kaɗan ne idan aka kwatanta da faɗin gonakin ƙasar. Amma inda ake da zaɓi tsakanin jigawa da fadama, rashin tsari ne kawai zai sa a zuba kankare a fadama.

Maganar kuɗi ta fi wannan nauyi. Wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya kawo alƙaluman gwamnati a rahotonsa na 2018, cewa hekta ɗaya ta ƙasar noma tana kai kimanin fam 21,000, amma da zarar ta sami izinin gina gidaje sai ta haura fam miliyan 1.9. Kusan ninki ɗari ke nan, ba tare da mai gonar ya ƙara mata ko kwandon taki ba. Sa hannun hukuma ne ya haifar da wannan dukiya, tare da titi da makaranta da tashar jirgin ƙasa da jama'a suka biya da harajinsu. An sha gwada karɓo ta: dokar 1947 ta ɗora harajin kashi 100 cikin 100 na ƙarin darajar, aka soke shi a 1953, aka dawo da wani a 1967, aka soke a 1971, aka sake kawo wani a 1976, shi ma ya tafi a 1985. Kowane karo masu filaye sukan zauna a kan gonakinsu su jira canjin gwamnati, kuma jiran yakan biya su.

Babban abin da ya rage yanzu shi ne ciniki. Ƙarƙashin sashe na 106 na dokar tsara birane da karkara ta 1990, magini yakan yi alkawarin ware wani kaso na gidajen a farashi mai rahusa, ya ba da gudummawar faɗaɗa makaranta ko gyara mahaɗar titi. Sai dai yana iya dawowa da lissafin da ke nuna riba ba za ta fito ba, a rage masa gidajen talakawa. Ginin ma ba ya sauri. Binciken da ɗan majalisa Oliver Letwin ya yi wa gwamnati a 2018 ya gano cewa a manyan filaye, magina suna fitar da gidaje ne daidai gwargwadon abin da kasuwa za ta sha ba tare da farashi ya faɗi ba. Idan kuma gini ya yi jinkiri, ƙaramar hukuma ce ake yi wa hukunci da gazawa, sikeli ya sake karkata, wata gonar ta sake shiga layi. Mutanen gari da suka ga gidaje sun tashi, asibiti bai ƙaru ba, 'ya'yansu kuma ba su iya saye ba, ba laifinsu ba ne idan sun yi tsaye a kan takarda ta gaba.

A Disambar 2024 gwamnatin jam'iyyar Leba ta mayar da adadin gidaje wajibi a kan ƙananan hukumomi, kimanin 370,000 a shekara a duk faɗin Ingila, don cika alkawarin gidaje miliyan ɗaya da rabi kafin wa'adinta ya ƙare. Manufar mai kyau ce, amma ɗaga adadi a lokacin da hukumomi da yawa ba su da sabon kundin tsari yana nufin ƙarin garuruwa za su faɗa ƙasa da layin shekara biyar, wato ƙarin kasuwa ga dillalan izini.

Ingila ta taɓa yin abin da ya fi wannan. Bayan dokar sababbin garuruwa ta 1946, hukumomin gwamnati suka sayi gonaki a farashin da bai yi nisa da na noma ba, suka shimfiɗa tituna da makarantu, ƙarin darajar ƙasar ya taimaka wajen biyan aikin; haka aka gina Stevenage, daga baya kuma Milton Keynes. Dokar diyya ta 1961 ta tabbatar wa mai fili haƙƙin a biya shi har da ribar da yake fatan samu nan gaba, sai hanyar ta yi tsada. Wata doka ta 2023 ta sake buɗe ta kaɗan, ta ba da damar a cire kuɗin fatan idan za a gina gidaje masu rahusa ko makaranta ko asibiti, da amincewar minista.

Mu da muka san yadda gonakin gefen Kano suke zama fulotai muna da abin tunasarwa a nan. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe gona a biya diyyar amfanin da ke kanta kawai, amma sau da yawa ribar ba makaranta ko asibiti take zama ba, wanda aka ba fuloti ne yake sayarwa ya ci, manomi kuma don tsoron haka sai ya riga gwamnati, ya yanka gonarsa da awon igiya. Karɓe fili da arha bai isa ba sai an ɗaure ribar da aikin jama'a da kowa zai gani. Ga garuruwan kasuwa na Ingila, wannan yana nufin ƙaramar hukuma ta zaɓi gonar da kanta tun kafin dillali ya iso, ta biya manomi abin da ya haura farashin noma ainun har ya sayar da daɗin rai, ta gina makaranta da magudana kafin iyali na farko su tare, sannan ta yanka filin ta raba wa magina da yawa, manya da ƙanana, da wa'adin kammalawa a rubuce cikin takardar ciniki.