Cinikin biri a sama: wahalar neman lensi mai faɗi a Katsina

Wai a ce gari kamar Katsina, babban birnin jiha guda, inda da wuya Asabar ko Lahadi ta wuce ba a ɗaura aure ba, mai hoto ya rasa shagon da zai shiga da kyamararsa, ya ɗaura lensi, ya ɗauki hoto ya gani da idonsa kafin ya zaro kuɗi. Batir za ka samu. Katin ajiya za ka samu. Fitilar zobe ta masu TikTok kuwa har ta yi yawa. Amma ka buɗe baki ka ce kana neman lensi mai faɗin gani na kyamara marar madubi, wanda kuɗinsa bai kai na babur ba, sai a ce maka "sai dai Kano", ka je Kano a ce "sai dai a yi maka oda daga Legas". Ni dai abin ya ishe ni, kuma yau sai na amayar.

Wanda bai taɓa aikin hoton biki ba zai ce son burga ne. To ya zo ya shiga ɗakin amarya ranar jere. Gado ya cinye rabin ɗaki, kabad da madubi da kujeru sun cinye saura, ƙawaye sun cushe a ɗan abin da ya rage, uwar biki na tsaye a kanka tana cewa, "Malam mai hoto, a ga kowa fa, kuma a ga gadon da labulen, ba ƙananan kuɗi muka kashe ba." Ka yi ta ja da baya har ƙeyarka ta daki bango. Lensin da ya zo da kyamarar, wato 16-50mm ɗin da ke kan Sony a6000 irin tawa, ko ka buɗe shi iyakar faɗinsa sai ya yanke Hajiyar da ke gefe, kuma ita ce mai biyan cikon kuɗin aiki. Ga duhu. Ƙofar haskensa daga f/3.5 take farawa (iya ƙanƙantar wannan lambar, iya yawan hasken da ke shiga), wuta ba ta nan, janareta an ce sai dare. Haka abin yake a zauren da ake walimar saukar Alƙur'ani, haka yake in ka matse cikin jama'a a Ƙofar Soro ranar hawan sallah kana son dawaki da ƙofar fada su shiga hoto ɗaya. Buƙata ce ta neman abinci, ba ado ba.

Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne masu sayar da kayan ba su san abin da suke sayarwa ba, kuma ba su damu su sani ba. A Kano, bayan na ci kilomita kusan 170 a mota, wani Alhaji ya ɗauko mani lensi 24mm yana rantsuwa cewa babu abin da ya fi shi faɗi. Na ce, "Alhaji, a kan wace kyamara?" Ya ce, "Kyamara ai kyamara ce." A nan gizo ke saƙar. Lambar da ke jikin lensi ba ta gaya maka faɗin da za ka samu sai ka san girman sensar kyamararka, wato ɗan farantin da ke karɓar hoto a cikinta. Yawancinmu nan ƙaramar sensa muke riƙe da ita, wadda ake kira APS-C, kuma lissafinta shi ne ka ninka lambar da 1.5 in Sony ce ko Fujifilm ko Nikon, da 1.6 in Canon ce. Ke nan 24mm ɗin Alhaji a kan tawa ya zama kamar 36mm, ya ma fi wanda nake da shi matsewa. Da na biya, da na sayi abin da zai ƙara yanke mani mutane. Mai ƙaramar sensa in faɗi yake nema na gaske, tsakanin 10mm da 13mm zai nema. Lensi 12mm yana ganin kusan digiri 99 daga kusurwa zuwa kusurwa, shi kuwa 16mm kusan 83. Wannan bambancin shi ne Hajiya da kabad ɗinta.

Da ya ga ban saya ba, sai ya buɗe durowa ya fito da wani gilashi da ake murɗawa a gaban lensi, an rubuta 0.45x a jikinsa, ya ce wannan shi ne maganin talaka. Jama'a, don Allah ku guji wannan abin. Tsakiyar hoto kaɗai ke fita, gefe ya dushe, kusurwoyi su yi baƙi, kuma nauyinsa yana rataye ne a kan bakin ƙaramin lensin da ke shiga da fita. Araha ba ta ado. Ɗaya tarkon kuma shi ne lensin idon kifi, irin 7.5mm ɗin nan masu sauƙin kuɗi da kamfanonin Sin ke yi. Shi ba jabu ba ne, yana da aikinsa, amma aikinsa lanƙwasa duniya ne. Ka ɗauki hasumiyar Gobarau da shi daga gefe ta fito a tanƙware kamar lauje. Ka ɗauki amarya da ƙawayenta, ta ƙarshen layi ta ga fuskarta, ranar ka shiga uku. Amma mai shago zai miƙo maka shi a matsayin lensi mai faɗi, ba zai ce maka uffan ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke hana barci. Sigma 16mm f/1.4 ya fito a 2017 a kan dala 449. A lokacin dala tana wajen naira 360 a kasuwar bayan fage, wato kuɗinsa bai fi dubu ɗari da sittin da ɗoriya ba. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, dala ta haura 1,500 a farkon 2024, wannan lissafin dai ya koma sama da dubu ɗari shida da saba'in, ban da kuɗin jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Sony 11mm f/1.8 da ya fito a 2022, wanda shi ne ya fi dacewa da irin aikina, dala 550 aka sa mashi a lokacin. Ka auna wannan da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Su kuma masu biki har gobe so suke a yi masu aiki a farashin da, har da ragi, wai ai "danna maɓalli ne kawai". Kuma wani abin takaici, duk lokacin da dala ta hau, kafin azahar an canza farashi. In ta sauka kuwa sai a ce maka tsohon kaya ne, da tsada aka saye shi.

Duk da haka akwai mafita mai sauƙi, wadda babu ɗan kasuwa ɗaya da ya gaya mani, sai a bakin abokan sana'a na ji. Samyang 12mm f/2, wanda a Amurka ake sayar da shi da sunan Rokinon. Na saitin hannu ne, ba ya kama fokas da kansa, shi ya sa mutane ke tsoronsa, shi ya sa kuma wanda aka taɓa amfani da shi yake da sauƙin kuɗi. Amma lensi mai faɗi haka ba ya wahalar saiti. Ka sa shi a f/5.6, ka ajiye zoben nisa a wajen mita ɗaya da rabi, duk abin da ke daga ƙasa da mita ɗaya har iyakar gani zai fito tas. In ka shiga ɗaki mai duhu ka buɗe shi zuwa f/2, hasken da zai shigo ya ninka na f/3.5 sau uku, kuma kyamara marar madubi tana zana maka layi mai launi a kan abin da ya kama, kana gani a allo. Abu guda kawai: irin wannan lensin ba shi da wayoyin da zai yi magana da kyamara, don haka sai ka shiga saiti ka ba ta izinin ɗaukar hoto ko da ba ta ga lensi ba. Na san wanda ya mayar da lafiyayyen lensi yana zagin cewa ya lalace saboda wannan, kuma shi mai shagon bai iya gaya mashi ba.

Masu Canon su ma suna da tasu hanyar. EF-S 10-18mm na tsofaffin kyamarori masu madubi yana da yawa a kasuwar na hannu, kuma da adafta yana hawa M50 ko R50 ya yi aiki har da fokas. Sai dai ƙofar haskensa daga f/4.5 take farawa, don haka a ɗaki sai da filash. Wanda ke da Canon mai babbar sensa kuma, RF 16mm f/2.8 ya fito a 2021 a kan dala 299, amma in ya hau ƙaramar sensa ya koma kamar 26mm, faɗin ya tafi. Mai M50 kuma ya sani cewa lensin EF-M, wato na kyamarar tasa, ba ya hawa bakin RF na irin su R50, kuma an daina wannan layin na M, don haka ya yi lissafi kafin ya zuba kuɗi.

Wannan maganar baki ita ce ta kawo ni ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Kowane kamfani da bakin da lensi ke ɗauruwa a kai. Tsofaffin lensunan Canon EF an yi su ne su zauna milimita 44 daga sensa, shi ya sa akwai filin da adafta zai shiga tsakani. Amma kyamarori marasa madubi duk a kusa suke: Sony E milimita 18, Fujifilm X 17.7. Babu wurin sa komai a tsakani. Lensin Fuji ba zai hau Sony ba ko za ka kwana kana murɗawa. Shi kuma Samyang ɗin nan ana yin sa da baki iri-iri, kuma daga gaba kamanninsu ɗaya.

Ina neman Samyang ɗin, na sami wani mai sayar da kayan hoto na hannu a Legas ta intanet. Na rubuta mashi Sony E ɓaro-ɓaro. Na tura mashi hoton kyamarata. Na ce ya ɗaura lensin a kan Sony ya yi mani bidiyo, ya ce kyamarar gwajinsu tana wajen gyara, amma in kwantar da hankalina, shekara da shekaru yana wannan sana'a. Kafin kuɗi su shiga, ko tsakar dare na yi magana sai ya amsa, "Oga, Oga" kamar zai goya ni. Kuɗin kaya daban, kuɗin aike daban, kuma duk sai sun shiga kafin kwali ya bar shago. Aka ce kwana uku. Kaya ya yi ta yawo, yau an ce yana Abuja, gobe an ce motar ta lalace a Zariya, direban da aka ba ni lambarsa ba ya ɗauka. Ranar da ya iso tasha sai da na ƙara biyan wani kuɗin, wai na ajiya.

Na buɗe kwali, bakin Fuji ne. Ban gama haɗiye wannan ba na haska tocilan ta bayansa, sai ga fumfuna ta yi saƙa a gefen gilashin ciki, irin wadda danshin Legas ke haifarwa in an jibge lensi a durowa. A hoton da ya turo mani ba a ga komai ba, don daga gaba ya ɗauka, da murfin baya a rufe. Mu nan ƙurar hunturu ce matsalarmu, ita kuwa ana hure ta a goge. Fumfuna sai an kwance lensi, kuma in ta daɗe tana cinye shafen da ke kan gilashi, tabon ba ya fita. Wa zai kwance mani lensi a Katsina? Mai gyaran waya?

Na kira shi. Da farko ya ce ai duk ɗaya ne, in sayi adafta. Na ce babu irin wannan adaftan, ya ce to ban iya nema ba. Kan fumfuna kuma ya ce ƙura ce ta hanya. Ƙurar hanya a cikin gilashi na tsakiya, a lensin da ke cikin leda, cikin kwali! Daga nan ya tuno mani da wani rubutu ƙanana a shafinsa cewa kaya in ya fita ba ya dawowa. In kuma na matsa, in mayar da kuɗina, ya duba, in ya gamsu ya canza mani da wani "idan ya shigo". Kuɗi dai ba za su dawo ba.

Ba sadaka nake roƙo ba. Wanda zai karɓi kuɗin da mutum ya tara daga bukukuwa da sunaye, ya san bakin abin da yake sayarwa, ya cire murfi biyu ya haska tocila a bidiyo, ya ɗauki bangon bulo da shi ya turo hoton don a duba kusurwoyi huɗu, ya kuma ba da kwana biyu na gwaji. Wanne ne mai wuya a ciki? Mu ma masu hoto na garin nan muna da namu laifin, kowa ya ƙanƙame kayansa. Da manyanmu masu situdiyo za su riƙa ba da hayar lensi na yini, da yaro ya gwada 12mm da 16mm a biki ɗaya ya san wanda ya dace da shi kafin ya tura wa baƙo kuɗi. Amma ka tambaya, sai a ce "wallahi yana wajen aiki", alhali kana hango shi a kan kanta.

Maganar ƙarshe da mutumin ya yi mani kafin ya daina ɗaukar wayata ita ce in nemi mai Fuji a nan Katsina in sayar mashi, kada in ambaci fumfunar, wai ba ta fita a hoto. Wato in cuci wanda gobe za mu haɗu a ɗaurin aure ɗaya, kafaɗa da kafaɗa muna neman wurin tsayawa. Ban yi ba, kuma ba zan yi ba. Na kai ƙorafi bankina da duk hotunan hirarmu, sun ba ni takarda na cike, sun ce in jira.