Ranar da na fito ta saman mota

Bari in fara da motarmu. M1078 ce, babbar motar kaya da sojojin Amurka suka gama da ita aka yi gwanjonta, ƙirar Stewart & Stevenson, mai ɗaukar tan 2.5, injin Caterpillar, tayoyi huɗu duk suna ja. Muka sauke bodin baya muka ɗora ɗaki: gado, firij, tankin ruwa, da banɗaki ɗan mitsitsi.

Tun farko na gaya wa mai waldan da ya yi mana aikin, ba sai na kama suna ba, cewa shasin irin wannan mota an yi shi ne ya riƙa murɗewa in ta shiga kwazazzabo, don kada taya ta bar ƙasa. Masu aikin suna sa wani firam a tsakani, a kan sifirin, shasi ya yi murɗewarsa ɗaki na zaune lafiya. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, yau na fara walda?" Ya ɗaure ɗakin a jikin shasi tamau.

To, mun isa wurin da za mu kwana, na shiga wanka. Ƙanin matata ya ga wani dutse, ya ga hoto zai yi kyau, ya hau da tayar gaba ɗaya ya kashe mota. Ina ciki na ji ɗakin ya yi ƙara, ƙiiii. Na fito ɗaure da tawul, na murɗa ƙofa, ko motsi. Na sa kafaɗa, na sa ƙafa. Bakin ƙofar ya karkace ya cije ta.

Sai tagar rufi. Kai ya wuce, kafaɗu suka wuce da taimakon sabulu, ciki ya ce shi nan ya tsaya. Ba gaba ba baya. Tawul kuwa na ji lokacin da ya sulale, ina ji ina gani, hannuwana duka suna waje.

Akwai wani dattijo da ya zo da 'yar ƙaramar mota, irin wadda tayarmu ta kusa kai ta tsayi. Yana kan kujerarsa da madubin hangen nesa, wai tsuntsaye yake kallo. Bai yi dariya ba, da ma ya yi. Sai ya juyo da madubin kaina a hankali, ya gyara shi, ya ce, "Sannu da aiki. Malam, lita nawa take sha?" Mutumin nan da safe ma bai amsa gaisuwata ba. Daga baya har ya zo aron jak, kuma matata ta ba shi.

Na ce wa ƙanin matata, "Kai, sauko da ita daga dutsen nan!" Ya ce, "Yaya, iska ta sauka." Birkinta na iska ne, ba ta gusawa sai tanki ya cika, kuma kafin ya cika akwai wata ƙararrawa da ke ihu ba ƙaƙƙautawa. Ihun ne ya tara sauran jama'a. Wani yaro ya tambayi uwarsa ko ni soja ne.

Taya na taɓa ƙasa, ƙofa ta buɗe da kanta, da mutane tsaye a bakinta, rabina na ƙasa yana reto a ciki.

Mai walda ya ce laifin ƙofar ne. Injin huda ƙarfena ma har yanzu yana hannunsa.