Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni: nasiha ga matasa kan lambun bayan gida

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, maza da mata.

Ku leƙa tukunyar miyar gidanku yau. Tumatir na saye ne, attarugu na saye, alayyahu na saye, hatta zogalen da za a yi kwaɗo sai an aiki yaro bakin kasuwa. Alhali a gidan nan akwai saurayi mai jini a jika da ke wuni a majalisa da waya a hannu, akwai bayan ɗaki da babu komai a cikinsa sai leda da tsoffin robobi, akwai akuyar da ake share kashinta kullum ana kai wa bola. Baba ya fita da duku-duku neman kuɗin cefane, Mama tana lissafin yadda attarugu uku zai ishi mutum goma, mu kuma muna jiran a sauke a zuba mana. Wannan kunyar tamu ce, ba mu da wanda za mu ɗora wa.

Na san abin da za ku ce. Ba fili, ba ruwa, ko kuma an taɓa gwadawa abin ya mutu. Ta ukun ce kaɗai ke da ƙamshin gaskiya. Amma shuka ba ta mutuwa haka siddan, kashe ta ake yi, kuma abubuwan da ke kashe ta ba su da yawa.

Na farko taki. Mutum ya kwaso kashin kaji ɗanye daga akurki ya zuba a gindin shuka yana ganin gata ya yi mata, kwana uku ganye ya ƙone. Ɗanyen taki yana da zafi, yana cin saiwa, yana kuma kiran gara. Ka tara shi a lungu ko a ɗan rami, ka yayyafa ruwa har ya yi laima amma kada ya jiƙe jagab, ka rufe da tsohon buhu, ka riƙa juya shi duk mako biyu. Kashin awaki da tumaki yana buƙatar mako 6 zuwa 8, na kaji kuwa ka ba shi wata 2 zuwa 3. Za ka gane ya nuna idan ya yi baƙi, warin ya tafi, ka cusa hannu a tsakiyarsa ba ka ji ɗumi ba. Kafin nan kada ya kusanci shukarka.

Wanda ba shi da fili kuma, buhu filinsa ne. Ka sami buhu mai cin kilo 50, ka wanke shi, ka huda ƙasansa wuri shida zuwa takwas, ka ɗora shi a kan bulo ko duwatsu don ruwa ya sami hanyar fita. Haɗin ƙasar: kwano biyu na ƙasa, kwano ɗaya na ruɓaɓɓen taki, in ƙasar mai laka ce ka ƙara kwano ɗaya na yashi ko buntun shinkafa. Buhun da ba a huda ba tafki ne, saiwa ruɓewa take yi a ciki. Sannan ka ajiye shi inda rana ke dukansa aƙalla awa shida. Shukar da aka ɓoye a gindin katanga sai dai ta yi tsawo siririya, ba ganye ba 'ya'ya.

Na biyu ruwa, kuma a nan yawanci yawansa ne ke kisa, ba ƙarancinsa ba. Kowa ya gifta ya zuba, yara su zuba, amarya ta zuba. A'a. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin ban ruwa. Ka cusa yatsa a ƙasar har gaɓa ta biyu: in da danshi ka ƙyale ta, in ta bushe ka ba ta, da sassafe ko da la'asar sakaliya, a gindi ba a kan ganye ba. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da na ɗauraye kayan miya duk suna da kyau, bokiti ɗaya a wurin alwala ya isa ya riƙe buhu da yawa. Ruwan wanki mai omo ko bilic, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri, waɗannan guba ne ga ƙasa. Ba rana ɗaya suke kashewa ba, a hankali gishirin ke taruwa har ka ga bakin ganye yana ƙonewa ka rasa dalili. Ka rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa kaurin yatsu uku, za ka ga ruwan da kake nema ya ragu sosai. Inda ruwa ke wuya ƙwarai, ka binne ɗan tulun ƙasa har wuya a tsakiyar shuke-shuken, ka cika shi, ka rufe bakinsa saboda sauro. Jikin tulun zai riƙa tsattsafo da ruwa daidai wurin saiwa, kai kuwa sai bayan kwana biyu ko uku ka sake cikawa.

Na uku gaggawa. Kowa da tumatir yake son farawa, alhali shi ne mafi tsirfa a cikinsu. Ka fara da alayyahu. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai ka cuɗa cokali ɗaya da yashi cokali goma ka barbaɗa, ka rufe da ƙasa kaɗan kamar mai yayyafa gishiri. Cikin mako 3 zuwa 4 ka fara ci. Kada ka tuge shi, ka yanka sama ka bar gindi mai ido biyu ko uku, zai sake tofowa. Duk mako biyu ka shuka sabon buhu, da haka ganye ba zai yanke a gidan ba. Kuɓewa ma ba ta da wuya: ka jiƙa irin ya kwana, ƙwaya biyu a rami mai zurfin gaɓar yatsa, in sun tsiro ka cire mai raunin. Wajen mako 7 zuwa 8 za ka fara tsinka, kuma duk kwana biyu ake tsinkar ta. In ka bar 'ya'yan suka ƙosa a jikinta, uwar sai ta daina haihuwa.

Zogale kuwa, wallahi gidan da babu shi an yi sakaci. Ƙwaya ɗaya a rami mai zurfin santimita 2, cikin mako biyu ta fito. Ko ka yanko reshe mai tsawon mita ɗaya ka binne kashi ɗaya cikin uku. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar shi ya yi ta tsawo har ya wuce katanga, ganyen can sama sai da gora. Da ya kai ƙugunka ka datse kansa, rassan da suka fito su ma ka datse su, sai ya yi cunkus inda hannu ke kaiwa. Ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa, kuma akuya ba ta da abin so kamarsa. Saboda haka kafin ka shuka komai ka yi danga da kara ko ka kewaye da zana. Akuya ɗaya cikin minti biyar za ta cinye wahalar wata biyu, sannan a koma rigima da maƙwabta.

In hannunka ya faɗa, sai ka shiga tumatir. A ƙasarmu shukar lokacin sanyi ce: reni, wato yafa irin ya fara tsirowa a wuri ɗaya, a watan Oktoba, dashe bayan mako 3 zuwa 4 idan ya yi ganye huɗu ko biyar, da yamma, gindi ɗaya a buhu, ka kafa masa sanda. Wanda ya makara har zafin Maris da Afrilu ya riske shi zai ga fure yana zubewa ba ɗa, ba kuma aikin maita ba ne, zafi ne. In ka ga ƙasan ɗan tumatir ya yi baƙi ya loɓa, ban ruwanka ne ba daidai ba, yau ƙishi gobe ambaliya. In ganyen sama ya nannaɗe ya ƙanƙance ya yi ɗorawa, cuta ce da farin ƙuda ke yaɗawa, ba ta da magani, ka tuge gindin kafin ya shafa wa saura. Akwai kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina a 2016 har tumatir ya gagari talaka. A cikin naman ganye take shiga, tana barin farin tabo kamar an kankare, shi ya sa feshi bai cika cim mata ba. Mai buhu goma ya fi mai kadada goma sa'a a nan, domin zai iya bin ganye ɗaya-ɗaya kowace safiya ya tsinke mai tabon ya ƙona. Kuma kada ka maimaita tumatir a ƙasar da ka cire tumatir ko kuɓewa, musamman in ka ga saiwar ta yi ƙulu-ƙulu.

Maganar feshi ina roƙonku don Allah. Abin da ƙannenka za su ci ne. Kada ka sayo maganin ƙwari da aka ɗura a kwalbar da ba rubutu, ka fesa yau a tsinka gobe. Ga darbejiya a kowace unguwa. Ka tsinci 'ya'yanta busassu, ka fasa ka cire ƙwayar, ka daka rabin kilo, ka jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, ka tace da tsumma, ka narkar da ɗan sabulun wanka kaɗan a ciki don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, har ƙarƙashin ganye inda ƙwarin ke ɓuya, sau ɗaya a mako. Ba ya ajiyuwa, wanda ka haɗa yau ka ƙarar da shi yau.

To, an samu, sai adanawa, kuma a nan ne sana'ar hannun iyayenmu da muke rainawa take shigowa. Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya yi koyarwa a Dutse ta jihar Jigawa ya kuma tashi a gidan magina tukwane, ya sami lambar yabo ta kamfanin Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya. Tukwanen ƙasa biyu ne, babba da ƙarama. Ka zuba yashi a gindin babbar, ka zaunar da ƙaramar a ciki har bakinsu ya daidaita, ka cike tsakaninsu da yashi, ka jiƙa shi sosai, ka zuba kayan miya a ƙaramar, ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Safe da yamma ka ƙara wa yashin ruwa. Yayin da ruwan ke bushewa ta jikin babbar tukunya, da zafin ciki yake tafiya. Tumatir da tattasai kan kai mako uku a ciki. Sharaɗinta inuwa da iska mai ratsawa, kuma kada a shafa wa babbar fenti ko siminti, domin ta ƙofofin jikinta take numfashi. Da rani da hunturu take aiki sosai. Da damina, iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, sanyin ba ya kai haka. Ba wuta, ba janareta, kuɗin kuma ya tafi hannun mai ginin tukwane ta garinku.

Abin da ya fi ƙarfin tukunya a shanya shi. Kuɓewa da tumatir a yanka da wuƙa mai tsabta, a baza a faifai ko tabarmar kaba a kan abu mai tudu, a rana, a lulluɓe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda. Shanya a ƙasa ko a gefen titi shi ke kawo miya mai tsakuwa da ƙura. Ganye kuwa, zogale da rama da kuka, a inuwa ake shanya su. Rana tana dusashe korensu tana kuma rage amfaninsu. Sai ya yi ƙaras yana murmushewa a hannu kafin a zuba a kwalba ko roba mai murfi. In da sauran danshi zai yi fumfuna, kuma abin da ya yi fumfuna zubarwa ake yi, ba kankarewa ba. Ƙannena mata, faifan nan da mafici da tabarma, akwai tsohuwa a danginku da ta iya saƙarsu, hannunta ya fara rawa, ba wadda ta zauna kusa da ita ta koya. Ku je ku zauna tun tana gani.

A wurin girki ma ana ɓarna. A wanke ganye kafin a yanka, ba bayan an yanka ba. Alayyahu a ƙarshe ake zuba shi, minti biyar ya ishe shi. Kanwa a sa kaɗan in ta zama dole, domin yawanta na kashe wasu sinadaran da ake cin ganyen dominsu. Ruwan da aka tafasa zogale kada a sheƙar da shi a kwata, a sha ko a zuba a miya.

Kada kuma ku manta da iri. Gindin kuɓewar da ya fi kyau da haihuwa shi ake bar wa 'ya'ya biyu ko uku su bushe a jikinsa, ba ragowar da ta gagari tsinka ba. Haka alayyahu, a bar gindi ɗaya ya yi kai. In ƙwayar ta bushe sarai a gauraya ta da toka mai sanyi, a zuba a kwalba, a toshe, a rubuta suna da wata a jiki, a ajiye a inuwa. Irin gwangwani ko na fakiti da aka rubuta F1 a jikinsa ba a ajiye jikokinsa, abin da za su haifa ba zai yi kama da uwar ba. Shi kam duk shekara sai an sayo sabo.