Fenti ba ya korar ruwa daga bango

Wata mata ce ta kawo kukan ɗakinta da bangonsa ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. Wallahi abin da ya fi ɓata rai a maganar shi ne shawarar da aka yi ta ba ta: wai ta sa a kankare, a shafa fentin mai, in da hali a manna tayil. Har da masu kiran kansu 'yan kwangila a cikin masu faɗin haka. Yaro yana kwana yana tari a ɗakin, ana maganar kalar fenti. Jama'a, mu ji tsoron Allah. Fumfuna ba datti ba ce da za a rufe, abu ne mai rai, kuma ruwa ne ke raya ta. Muddin ruwa na shiga bangon nan, ko sau goma aka yi fenti, sau goma za ta dawo.

Fentin mai da tayil ma ƙara lalata abin suke yi. Bulo da filasta suna fitar da danshi ta fuskarsu. Da ka toshe fuskar, ruwan ba ya komawa ƙasa, hawa yake yi ya ɓullo ta saman tayil ɗin, ko ya juya ta ɗakin da ke baya. Duk wanda ya taɓa ganin bangon da aka yi wa tayil zuwa ƙugu, sannan fenti ya kumbura ya yi ɓawo daidai inda tayil ya ƙare, ya ga abin da nake nufi.

Kafin a sayi ko gwangwani ɗaya, a gano ta ina ruwan ke zuwa. In tabon daga ƙasa ya taso, ya tsaya wajen mita ɗaya, ga farin gari kamar kanwa a jiki, to daga harsashi ne. Wannan farin garin gishiri ne da ruwa ya kwaso daga ƙasa da siminti, in ka zuba shi a ruwa narkewa yake yi, fumfuna kuwa ba ta narkewa. Dalilinsa sananne ne: an yi gini ba a shimfiɗa leda mai kauri a difisi ba (wato saman harsashi, inda ake tare danshin ƙasa kada ya hau bango), ko an sa 'yar siririya da ta yage tun ranar zuba kankare. Ko kuma an yi daidai, daga baya aka cike tsakar gida aka shimfiɗa intalok har ya haura difisin. Ƙa'ida ita ce difisi ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15, ƙasar kuma ta gangara nesa da bango, kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko. Gidaje nawa ne aka yi wa akasin haka, ruwan tsakar gida yana kwanciya a gindin ɗaki?

In daga sama tabon ya gangaro, a hau rufi. Yayin ɓoye kwano a bayan katanga ya jawo wa mutane masifa, domin magudanar da ke ciki tana cika da ƙura da leda duk rani, ruwan Agusta ya zo ya rasa hanya ya bi ta silin POP. Maginan gargajiya sun san abin da suke yi da suke miƙo indararo ya zubar da ruwa can nesa da bango, suna sabunta yaɓe kafin damina ta faɗi. In kuwa bango ɗaya ne kawai, wanda ya haɗa da banɗaki, fayif ne ya tsage a ciki ko ruwa na bi ta tsakanin tayil.

Akwai kuma danshin da ɗakin da kansa ke haifarwa. Mutum shida a ɗaki ɗaya, taga a rufe saboda sauro, an shanya wanki a ciki, an dafa ruwan zafi. Tururin nan sai ya sauka a wuri mafi sanyi da iska ba ta ratsawa: bayan wadirof, ƙarƙashin katifar da aka shimfiɗa kai tsaye a siminti, ƙasan ledar ɗaki. Gwajin ba wuya. A yanki leda kamar faɗin faranti, a manna ta a bangon da salatif ta kowane gefe, a bar ta kwana biyu. Raɓa ta fuskar ɗaki, iskar ɗakin ce ta yi nauyi. Raɓa ta fuskar bango, ruwan daga cikin ginin yake.

Na san za a ce ai damina ce, kowane gida haka yake. Ba haka ba ne, kuma ko da haka ne, huhun yaro bai san wannan uzurin ba. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan danshi da fumfuna a cikin gine-gine, ta danganta su da tari, da shessheƙa, da tashin asma. A Rochdale ta Ingila, yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa 'yan Sudan ne, ya rasu a Disambar 2020, binciken kotu ya tabbatar fumfunar gidan da suke haya ce sanadi. Da mahaifinsa ya kai ƙorafi tun 2017, me aka ce masa? Ya shafa fenti a kai. Daidai shawarar da aka ba matar nan. Mu kuma muna da ƙarin damuwa: wanda ya yi tarin tibi, ko ya warke, ciwon yakan bar masa rami a huhu, kuma nau'in fumfunar da ake kira Aspergillus yana iya zama a ramin ya yi girma.

Masu cewa ba kuɗi, kuɗin fenti uku a damina uku ya isa a gyara magudana a rage ƙasar gindin bango. Mai gida da ke karɓar haya duk shekara ba shi da bakin wannan magana.

A fara tsayar da ruwan. Sannan a fitar da yara da masu asma, a buɗe tagogi, a sa takunkumi irin N95 da safar hannu. In wurin bai wuce murabba'in mita ɗaya ba, mutum zai iya da kansa: a wanke da ruwan omo da buroshi, kada a kankare a bushe domin ƙurar za ta cika ɗakin. In za a bi da bilic, kofi ɗaya a lita huɗu na ruwa ya isa, kuma kada a kuskura a haɗa shi da maganin wanke masai, hayaƙin da ke tashi guba ne. Kafet, silin na kwali da katifar da suka ci fumfuna ba sa wankuwa, a fitar da su. Duk abin da ruwa ya jiƙa a busar da shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, in ya wuce haka fumfuna za ta fara tsiro. Filastar da gishiri ya cinye a fasa ta har a wuce tabon, a bar bulo a buɗe iskar hunturu ta shanye shi, sannan a sake yaɓe. Fenti shi ne na ƙarshe. A ja wadirof daga bango ko da tafin hannu ne, a ɗora katifa a kan katako.

'Yan uwana mata, don Allah kada a bi warin nan da turaren wuta a rufe ƙofa. Warin shi ne ke gaya muku akwai ruwa a ɓoye, hayaƙin kuma ƙari ne a kan ƙirjin da ya riga ya gaji.

Sai kuma buhunan masara da gyaɗa da ake jinginawa a irin wannan bangon. Fumfunar da ke kama su tana fitar da gubar aflatoxin mai lalata hanta, kuma girki ba ya kawar da ita. A busar da hatsi sosai har ƙwayar ta riƙa ƙara a haƙori, a jera buhu a kan katako nesa da bango, duk ƙwayar da ta canza kala a tsince a zubar, kada a ba kaji.