An gama silabus, amma yara nawa suka iya?

Daga Nyanya har Kwali a yankin Abuja, in ka tambayi malamin firamare labarin aiki a ƙarshen zango, amsar da za ka fi ji ita ce, "Alhamdu lillahi, mun gama silabus." Yara nawa suka iya abin da aka koyar? Wannan kuma ba a cika tambayarsa ba.

Manhajar da hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, NERDC, ke tsarawa a Sheda, kan hanyar Lokoja, ba ta rasa manufa ba. Kowane batu an rubuta abin da ake so yaro ya iya yi. Ɓarnar tana farawa ne bayan an yanka ta mako-mako: wannan makon tarawa, mai zuwa ɗebewa, na gaba ninkawa. Litinin na yi malam zai wuce, an gane ko ba a gane ba, don ya san mai duba makarantu littafin shirin darasi zai buɗe ya nemi sa hannun hedimasta.

Ɗauki ɗebewa mai aro. Ka ba yaro 52 a cire 27, ya rubuta 35. Ba daƙiƙi ba ne, yana da dokarsa: ya ga 2 da 7, ya cire ƙarami daga babba ya samu 5, ya cire 2 daga 5 ya samu 3. Bai san 5 ɗin da ke cikin 52 hamsin take nufi ba. Jan biro da bulala ba sa gyara wannan, ko sau goma ya kwafi gyaran daga allo. Tsinken tsintsiya ke gyara shi. A ɗaure goma-goma da roba, a miƙa masa ɗauri biyar da tsinke biyu, a ce ya ba da 27. Zai ba da ɗauri biyu ya tsaya cak, don bakwai ake nema, biyu ke hannunsa. Dole ya kwance ɗauri guda. Aron ke nan, ya gan shi da idonsa, ga ɗauri biyu da tsinke biyar sun rage.

Abin da masanin ilimi Benjamin Bloom ya kawo a Amurka tun 1968 bai wuce haka ba: kada a ɗora sabon darasi sai na ƙasa ya zauna. A aikace, ranar Alhamis a ba da tambaya biyar kan fasaha ɗaya tak. Wanda ya ci huɗu ya wuce. Sauran a ware su ranar Juma'a gwargwadon irin kuskurensu, ba gwargwadon maki ba, don mai rubuta 35 da wanda bai iya karanta 52 ba ciwonsu daban. Za a ce aji ya cika, gaskiya ne. Amma in kowa ya rubuta amsa da alli a ƙaramin allo ya ɗaga sama, malam zai ga masu 35 kafin ya ƙifta ido. Ƙungiyar Pratham ta Indiya a cikin irin wannan cunkoson ta gina tsarinta na raba yara bisa matakin da suke kai.

Horon malamai kuwa, nan na fi jin takaici. Bitar kwana uku a otal, a sa hannu a karɓi alawus, wanda ya je ya dawo ya "sauke wa" sauran cikin awa guda. Ya fi amfani malaman aji ɗaya su zauna duk mako biyu, kowa ya zo da littattafan yara goma, a baje su, a ware kurakurai, a shirya darasin gyara tare, ɗaya ya gwada koyar da shi a gabansu. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Zuba ma, kafin ya karɓi takardar shaidar malanta ta NCE, ya kamata a ajiye masa 35 ɗin nan a ce ya faɗi abin da yaron ya yi.

Shi kuma mai dubawa, in ya zo, ya bar littafin malam a kan tebur. Ya kira yara biyar daga bencin baya, ya ba su alli.