Bindigar da ba a harbawa

A 2018 an yi gwanjon wata tsohuwar ƙaramar bindiga ƙirar Colt Walker a Amurka, ta tashi a dala miliyan 1.84. Guda 1,100 kacal aka ƙera irinta a 1847. A 2021 kuma wadda aka kashe ɗan ta'addan nan Billy the Kid da ita ta haura dala miliyan 6. Babu wanda ya zuba waɗannan kuɗi don ya shiga dawa farauta. Masu tara bindigogi a can, in suka dace da wadda ba a taɓa harbawa ba, tana cikin akwatinta da takardunta, sai sun sa safar hannu suke taɓa ta, don harbi ɗaya na iya zabge mata farashi. Ka ba Bahaushe wannan labari, zai ce kuɗi ne ya yi musu yawa, kuma ban ce bai da gaskiya ba. Sai dai ajiye bindiga ba don harbi ba, ba Turawa kaɗai ke yi ba. A nan Kumasi ta ƙasar Ghana inda nake zaune ana yi, kuma a ganina mutanen Ashanti sun yi wa mu 'yan Arewa nisa a wannan fanni.

Da farko dai a yi mana adalci, tarihinmu da nasu ba ɗaya ba ne. Daular Ashanti da bindiga ta tashi. Zinariya da bayi take kaiwa bakin teku, ta karɓo bindigogi da albarushi daga Turawan Holan a Elmina da na Danmak a Osu, cikin Accra ta yanzu. Da su Sarkin Ashanti Osei Tutu ya karya daular Denkyira a 1701, da su aka ci rundunar Gwamnan Turawan Ingila MacCarthy a 1824, shi ma bai tsira ba. Sarakunansu kuma sun tsare hanya, ba su yarda makamin ya riƙa wucewa arewa ba, fataken Hausa da ke zuwa Gwanja goro suke komawa da shi. Mu kuwa doki da mashi da takobi da kwari da baka muka riƙa. Bindiga ba ta yawaita a fadojinmu ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 19, ko a lokacin ma galibi bayin sarki ake damƙa wa, ɗan sarauta yana ganin hawan doki ya fi masa daraja. Shi ya sa abin da Daura ke alfahari da shi takobin Bayajida ne.

To amma a dubi yadda ake riƙon abin a nan. Tsohuwar bindigar toka a wurinsu kayan sarauta ce, tana da gidan da take, tana da mai kula da ita, tana da ranar fitowa. Ta kan shafe watanni a ɗaki babu mai taɓa ta, sai an yi babban rashi a gidan sarauta ka ga maza cikin baƙaƙen tufafi da jajaye sun fito da ita, a ɗura albarushi ba harsashi, a saki ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, a mayar da ita ma'ajiyarta. Sabon Sarkin Ashanti ma a cikin al'adun naɗinsa akwai sa babbar rigar yaƙi mai ɗauke da layu, ya ɗaga bindiga ya harba a gaban jama'a. Layun irin waɗannan riguna, in ba a manta ba, malaman Musulmi na arewa ne suke rubuta wa sarakunan Kumasi tun da daɗewa. Wato makami ne da aka cire daga aikinsa na kisa aka ba shi aikin tunatarwa, kuma kowa ya san na wane ne.

Ga kuma gidajen tarihi. Gidan da Turawan Ingila suka gina wa Sarkin Ashanti Prempeh na ɗaya a Manhyia, cikin Kumasi, a 1925, bayan ya dawo daga tsibirin Seychelles inda suka tsare shi, tun 1995 ya zama gidan tarihi. Tsohuwar ganuwar soja da ke tsakiyar gari ita ma haka, an jera makaman da sojojin ƙasar nan suka ƙwato daga Italiyawa a Habasha da Japanawa a ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) lokacin yaƙin duniya na biyu. Yaran makaranta ake kwasowa a kai su.

Wannan ganuwa tana da labarin da ya shafe mu kai tsaye, ko da yake a zango ba a cika son tayar da shi ba. Lokacin da Yaa Asantewaa, wata sarauniya a ƙasar Ashanti, ta tayar da yaƙi a 1900 aka yi wa Gwamnan Turawan Ingila Hodgson ƙawanya a cikinta, sojojin Hausa ne ke riƙe da bindigogin Bature suna tsaron ta, rundunar da ta zo ceto ma akwai 'yan Najeriya da yawa a ciki. Wasu gidajen zango asalinsu fatauci ne, wasu malanta, wasu kuwa aikin soja ne ya kawo kakanninsu. Na fatauci da na malanta kowa yana faɗa da bakinsa a unguwannin Aboabo da Asawase. Na soja sai a yi shiru. Ni ban ga amfanin shirun ba, Ashanti da kansu sun rubuta abin da ya faru, mu ne kawai muka rasa namu ɓangaren.

A gida ba a ce ba mu da komai ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san ƙarar bindigogin fada da warin albarushi, ya san yadda dawaki ke zabura. Wannan al'ada tana nan da ranta, har UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024. Inda muke asara shi ne a gidajen talakawa da na maharba. Bindigar kaka tana rataye a zaure ko tana ƙarƙashin gado, shi kaɗai ya san maƙerin da ya ƙera ta da garin da aka samo ta. Ran da ya rasu, a rabon gado babu mai lissafa ta. Gara ta cinye ƙota, tsatsa ta cinye baki, a ƙarshe 'yan gwangwan su auna ta a sikeli. Wani ma tsoron kada jami'an tsaro su gan ta ne zai sa ya jefa ta tsohuwar rijiya.

Na san abin da ɗan uwana na Zamfara ko Katsina zai ce: ana ta kai, wa yake ta kaya? A ƙauyuka da yawa an riga an sauko da bindigar kaka daga bango, 'yan sa-kai suna tunkarar masu AK-47 da harba-ruga. Wanda ke kwana da ido ɗaya ba za ka yi masa zancen kayan tarihi ba, kuma gaskiyarsa. Ghana ma ba aljanna ba ce. Rikicin Bawku a arewacin ƙasar yana nan, maƙera na ƙera bindigogi a ɓoye, kuma a wajen jana'iza da bukukuwa akan sami wanda albarushi ya raunata. Tun 2007 Ghana ta kafa hukumar kula da ƙananan makamai, lasin bindiga kuma duk shekara ake sabunta shi a wurin 'yan sanda. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon hana riƙe ko da bindigar toka ce babu izini. Don haka ba ina kira ne kowa ya tara bindigogi a ɗakinsa irin na Amurkawa ba. Allah ya kiyaye, waɗanda ke hannun mutane ma sun ishe mu.

Abin da nake so a karɓa daga Amurkawan takardar ce. Bindigar da ta kai dala miliyan 6 ƙarfenta bai fi na dubban 'yan uwanta ba, shaidar hannun da ta bi ce aka saya. Faransa ta hana a fitar da ƙananan bindigogin Napoleon guda biyu daga ƙasarta da aka yi gwanjonsu a 2024, don an san na wane ne. Ashanti ma da suka bi sawun kayan zinariyar da aka kwashe musu tun 1874, har gidajen tarihi biyu na Landan suka aiko da guda 32 a 2024, ko da yake da sunan aro, sun iya ne saboda an san abin da aka ɗauka da inda ya shiga.

Masarautunmu za su iya wannan aiki ba tare da kasafin kuɗi mai nauyi ba. A yi shela cewa duk mai tsohuwar bindigar gado ya kawo ta fada babu tuhuma, da sanin 'yan sanda. A toshe bakinta, a rubuta sunan mai ita da garinsu da maƙerinta da abin da iyali suka sani, a ba su takardar shaida, a kai ta Gidan Makama a Kano ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Masu tantance ƙirar gida da ta bakin teku ma ba sai an ɗauko su daga waje ba, Sarkin Maƙera da Sarkin Bindiga da shugabannin maharba suna nan a garuruwanmu, da su za a fara zama.